Magana Zarar Bunu: Waiwaye Kan Jikin Python da Laburarensa

A farkon shekarar 2009 na sauko da Python 3 a wani shagon intanet, na zuba a filas, na nufi gida cike da ɗoki. Littafin da nake koyo da shi na Python 2 ne, amma ban damu ba, don a tunanina sabo ai ya haɗiye tsoho. Na zauna na rubuta layin da kowane ɗan koyo yake farawa da shi: kalmar print, sai gaisuwa a tsakanin alamun zance. Kwamfuta ta ƙi karɓa, ta ce nahawun ba daidai ba ne. Na dubi littafi na dubi allo, harafi bayan harafi, ban ga kuskure ba. Sai da aka kwana biyu na gano cewa abin da ya rage baka biyu ne, ɗaya ta buɗe ɗaya ta rufe, su rungumi gaisuwar.

Raina ya ɓaci a lokacin. Na ce waɗanne irin mutane ne za su karya dubban manhajoji da littattafai saboda baka biyu? Yau, bayan shekarun da na yi ina rubuta manhaja ina kuma koyar da matasa, na san cewa bakan nan biyu amsa ce ga tambayar da ta fi kowace nauyi a wurin masu ƙirƙirar yaren kwamfuta: me za a dasa a jikin yaren, me kuma za a bari a laburare? Tarihin Python, tun daga watan Fabrairun 1991 da Guido van Rossum ya fitar da shi daga Amsterdam, tarihin wannan tambaya ne, ana amsa ta ana kuma sake amsawa.

Yaren kwamfuta kamar gida yake. Akwai gini: tushe, katanga, zaure, da inda ƙofa ta kalla. Wannan shi ne jikin yare, wato keɓantattun kalmomi irin su if da while da def, da alamomin lissafi, da ƙa'idojin jera su. Tafintan da ke fassara rubutunka ga na'ura ya haddace su, ba ka da ikon sauya musu ma'ana. Akwai kuma kayan ɗaki: tabarma, randa, gado, akwati. Wannan shi ne laburare, tarin ayyukan da wasu suka riga suka rubuta suka ajiye, ka kira wanda kake buƙata ka bar sauran. A Python kayan ɗakin nan kashi biyu ne: waɗanda suke zuwa tare da yaren ranar da ka girka shi, da waɗanda sai ka je kasuwa ka ɗauko, kasuwar da ake kira PyPI, wadda aka buɗe a 2003. Tabarma idan ta tsufa a naɗe a kawo wata. Katanga kuwa idan ta karkace, sai an fitar da mutanen gida kafin a gyara.

Tun kafin Python an yi wannan shawara. Lokacin da Dennis Ritchie ya ƙera yaren C a Bell Labs a farkon shekarun 1970, bai sa masa ko kalma ɗaya ta rubutu a allo ko karantawa daga fayil ba. Shahararren printf ɗin nan da ɗaliban C suka sani, a laburare yake. Ƙa'idar C ta 1989 keɓantattun kalmomi 32 kacal ta ƙunsa. Wannan ƙanƙantar ce ta sa aka iya ɗaukar C daga wannan na'ura zuwa waccan cikin sauƙi, domin ginin ƙarami ne, kayan ɗaki kawai ake daidaitawa da sabon wuri. Van Rossum kuwa, da yake yana son yaren da ɗan koyo zai shiga ba tare da tuntuɓe ba, sai ya dasa print a jikin Python. A ranar farko hakan alheri ne.

Matsalar ta fito ne da tafiya ta miƙa. Mutane suka ce suna so su aika rubutu zuwa fayil maimakon allo, sai aka ƙirƙiro wa print wani nahawu na musamman mai alamar >> wanda babu irinsa a sauran yaren. Suka ce ba sa so ya sauka sabon layi, sai aka ce a ajiye waƙafi a ƙarshe, alamar da ido yake tsallakewa cikin sauƙi. Kowace sabuwar buƙata sai an fasa katanga an yi taga. Kuma da yake print kalma ce ta jikin yare, ba ka iya miƙa ta ga wani aikin, ba ka iya maye gurbinta da taka. A Python 3.0, wanda ya fito ranar 3 ga Disamban 2008, aka ciro ta daga nahawu aka mayar da ita ɗan aike kamar kowane: ka kira shi, ka ba shi saƙo a cikin baka biyu, ka gaya masa inda zai kai da yadda zai ƙare. Daga nan duk wani ƙari da za a yi masa, ba sai an taɓa ginin ba. Haka aka yi wa exec. Shi kuwa reduce, wanda van Rossum ya bayyana tun a 2005 cewa yana wahalar da mai karatu, aka ɗauke shi daga tsakar gida aka kai shi laburaren functools, mai so ya je can ya same shi.

Gyaran daidai ne, amma kuɗinsa ya yi tsada. An sa ran mutane za su ƙaura cikin 'yan shekaru, har aka tsayar da 2015 a matsayin shekarar da za a daina kula da Python 2. Lokaci ya matso, jama'a ba su tashi ba, dole aka ɗaga zuwa 1 ga Janairun 2020. Shekara 11 ke nan al'umma ɗaya tana magana da baki biyu, masu laburare suna wahalar rubuta abin da zai yi aiki a nan ya yi a can. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Keɓantacciyar kalma a yaren kwamfuta ita ce zarar bunun: ranar da ka furta ta, miliyoyin layuka za su ginu a kanta, kuma ba kai kaɗai ke da ita ba kuma.

Da a ce labarin a nan ya tsaya, da darasin mai sauƙi ne: a rage jiki, a tura komai laburare. To amma babban abin da ya sa ƙaurar ta yi nauyi ba print ba ne. Wani sauyi ne da ya bi kishiyar hanya, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da ƙ da ɗ da ɓ. A Python 2, rubutu na yau da kullum jerin bayit ne kawai, ba jerin haruffa ba. Harafin ƙ a tsarin UTF-8 bayit biyu yake ci. Saboda haka idan ka rubuta kalmar ƙasa ka tambayi tsawonta, sai a ce maka biyar. Idan ka ce a yanko maka harafin farko, sai a ba ka rabin ƙ, abin da ba ya karantuwa. Idan ka ce a mayar da ita manyan baƙaƙe, sauran su girma, ƙ ta tsaya yadda take. Gaskiya ne tun Python 2.0 na shekarar 2000 akwai nau'in rubutu na Unicode, amma sai ka tuna ka sa harafin u a gaban kowace alamar zance, kuma da zarar rubutunka ya gamu da na wani laburaren da marubucinsa bai tuna ba, manhaja ta tsaya cak. Wanda harshensa bai wuce haruffa 26 na Ingilishi ba yana iya shekara goma bai ji wannan ciwo ba. Ni na ji shi ranar farko da na yi ƙoƙarin jera sunayen ɗalibai, na ga Ɗanjuma da Ƙasimu sun rikiɗe sun koma wasu alamomi.

Babu laburaren da zai iya magance wannan, komai ƙwarewar mai rubuta shi, domin cutar tana cikin abin da kowa yake samu idan bai zaɓi komai ba. Rubutu shi ne dandalin da duk laburarai suke haɗuwa, kuma idan dandali ya karkace ba rumfa ɗaya ce za ta gyara shi ba. Python 3 ya mayar da kowane rubutu Unicode tun daga tushe. Ƙasa ta dawo harafi huɗu, ƙaramar ƙ ta san babbarta, har ma aka yarda ka raɗa wa abubuwan da ke cikin manhajarka suna da ƙugiyarsu. A fitowa ɗaya, an fitar da print daga gini an kuma shigar da Unicode cikin tushe, kuma duka biyun daidai ne. A nan na fara gane cewa tambayar ba ta girma ko ƙanƙanta ba ce. Tambayar ita ce: wane abu ne ba zai yiwu ba sai kowa ya yarda da shi a lokaci ɗaya?

Bayan wannan girgiza, masu kula da Python suka yi wani abin da ban cika gani a wasu yarukan ba. A 2009 suka amince a dakatar da duk wani sauyi ga nahawu na wani lokaci, shi ya sa Python 3.2 na 2011 ya fito ba tare da sabuwar kalma ko alama ba. Da aka ɗage dakatarwar, abubuwan da suka shiga jikin yaren sun bi wata hanya da ta cancanci a tsaya a duba.

Ɗauki alamar @ ta ninka jadawalin lambobi, abin da masu ilimin lissafi da kimiyya suke yi dare da rana. Tun shekarar 2000 ake kawo shawarar a ƙara alamomi don wannan aiki, ba a karɓa ba. Masu kimiyya suka ci gaba da aikinsu a laburare, har NumPy ya tsaya da ƙafafunsa a 2006 a hannun Travis Oliphant. Shekara da shekaru suna rubuta dogayen lissafi da baka cikin baka, abin da a takarda layi ɗaya ne mai tsabta. Sai a 2014 Nathaniel Smith ya kawo shawarar da ta tattaro hujja daga ainihin rubuce-rubucen mutane, aka karɓa, alamar ta shiga Python 3.5 a 2015. Abin da ya fi burge ni shi ne, yaren ya ba da alamar ce kawai. Babu ko nau'i ɗaya cikin nau'o'in da Python yake zuwa da su da ke amfani da ita. An yanka fili an bar wa masu laburare su gina, ma'anar tana hannunsu.

Haka labarin async da await. Manhajar da ke magana da intanet yawancin lokacinta jira take yi, kuma mai hikima ba ya naɗe hannu yana jira. Kamar mai shayi ne, ruwa na kan wuta yana soya wa wannan ƙwai yana yanka wa wancan burodi. Tun 2002 laburaren Twisted yake wannan aiki daga waje. A 2014 aka shigo da asyncio cikin laburaren da ke zuwa tare da Python 3.4, amma har lokacin aron kalmar yield ake yi, wadda an ƙirƙire ta ne don wani aikin daban. Aron ya yi aiki, sai dai mai karatu ba ya iya bambance ina ake jira ina kuma ake miƙo sakamako, kuma akwai wuraren da aron ba ya shiga sam. Da aka tabbatar laburare ya kai iyakarsa, sai shawarar Yury Selivanov ta kawo kalmomin biyu cikin nahawu a 2015. Shekara 13 ke nan tsakanin gwaji a waje da shiga cikin gini. Duk da wannan haƙuri, da aka keɓe kalmomin gaba ɗaya a Python 3.7 na 2018, manhajojin da suka riga suka yi amfani da async a matsayin suna na kansu sun karye. An ɗauki darasi: da aka kawo match da case a Python 3.10 na 2021, an tsara su yadda ba za su zama keɓantattu ba sai a wurin aikinsu, don kada a ƙwace wa mutane sunan da suka daɗe suna amfani da shi.

Sai kuma shekarar 2018, wadda ba na mantawa da ita. Gardama ta tashi a kan alama mai ɗigo biyu da layi biyu, wato :=, wadda ke ba ka damar raɗa wa abu suna a tsakiyar jimla. Masu so suka ce tana rage maimaici. Masu ƙi suka ce tana cusa abu biyu a layi ɗaya, tana kuma raba Python da sauƙin da aka san shi da shi. Muhawarar ta yi zafi na watanni. Van Rossum ya amince da shawarar, sannan ranar 12 ga Yulin 2018 ya sanar da cewa ya sauka daga matsayinsa na mai yanke hukuncin ƙarshe, yana nuna cewa ya gaji da irin wannan gwagwarmaya. A 2019 aka zaɓi majalisar mutum biyar ta karɓi ragamar, alamar kuma ta fito a Python 3.8 a watan Oktoban shekarar.

Wanda ke nesa zai yi mamakin yadda alama ɗaya ta kai ga haka. Ni ban yi ba, don ina shiga aji. Laburaren da ba ka so, kana iya gama rayuwarka ba ka buɗe shi ba. Nahawu kuwa ko ka rantse ba za ka rubuta shi ba, za ka karanta shi a rubutun wani. Kowace alama da aka ƙara haraji ce a kan duk wanda zai koyi yaren daga ranar har abada, har da yarinyar da ke koyo a wayar yayanta, wadda take fama da Ingilishi da lissafi da nahawun kwamfuta a lokaci guda. Masu gardamar ba a kan ɗigo biyu suke faɗa ba, a kan wanda zai biya suke.

Kada kuma a ɗauka laburare wuri ne da ake zuba kaya kyauta. Python ya daɗe yana alfahari da cewa yana zuwa da kayan aikinsa cikakku, kuma a zamanin da intanet ke da tsada wannan ni'ima ce da na ɗanɗana da kaina: saukowa ɗaya, ka sami abin karanta fayil, da na aika wasiƙa, da na lissafin kwanan wata. Amma abin da ya shiga wannan rumbun shi ma alkawari ne, sai an yi ta kula da shi, kuma ba ya iya sauyawa sai da fitowar yaren. Zamani ya wuce wasu kayan, masu kula da su suka watse. A Python 3.13 na Oktoban 2024 aka share guda 19 a lokaci ɗaya, ciki har da cgi da telnetlib, bayan an yi shekara biyu ana gargaɗi. A ɗaya gefen kuma, requests da ya fito a 2011 bai taɓa shiga rumbun ba, NumPy ma haka, amma su ne ake ɗauka kullum, har takardun bayanin Python da kansu suna nuna wa mai karatu requests. Zamansu a waje ne ya ba su damar girma da saurinsu.

Kasuwar ma tana da nata haɗarin. A watan Maris na 2016, a duniyar JavaScript, wani marubuci ya janye ɗan ƙaramin laburarensa mai suna left-pad, layi 11 kacal, aikinsa cike gurbi a gefen hagu na rubutu. Nan take dubban manhajoji suka kasa haɗuwa, har da manya, domin sun dogara da shi ta hannun wasu ba tare da sun sani ba. A ƙa'idar 2017 yaren ya zo da padStart nasa. Gidan da ba shi da ko ludayi, kullum yana ƙofar maƙwabci, kuma wata rana zai tarar da ita a rufe.

A 1998 masanin kwamfuta Guy Steele ya gabatar da wata lacca a taron OOPSLA wadda har yau ake komawa gare ta. Ya ɗaure kansa da sharaɗin cewa ba zai yi amfani da kalmar Ingilishi mai gaɓa fiye da ɗaya ba sai ya fara bayyana ma'anarta. Masu sauraro suka ji da kunnensu yadda ƙaramin yare yake takura mai magana, suka kuma ga yadda yake buɗewa idan an ba shi hanyar ƙara kalmomi. Abin da yake nufi shi ne, kada a gina yare ƙarami a bar shi, kada kuma a gina babba a gama, a gina wanda zai iya girma a hannun masu amfani da shi, yadda kalmar da suka ƙirƙira za ta zauna daram kamar ta asali. Duk Bahaushe ya san wannan ba tare da an gaya masa ba. Mun karɓi mota da rediyo da kwamfuta, mun ba su jinsi da jam'i, motoci da kwamfutoci, sun zama 'yan gida. Kalmomi suna shigowa kullum ta ƙofar kasuwa, amma ba wanda ya taɓa zama ya ce daga gobe a sauya yadda muke bambance ya tafi da ta tafi.

Idan na waiwaya, abin da ya sauya a cikin shekarun nan ba Python kaɗai ba ne, har da irin tambayar da nake yi. Da, in na ga sabon abu a wani yare, sai in ce me ya hana namu samunsa? Yanzu nakan ce: an gwada shi a laburare? Shekara nawa? Mutane nawa ne suka zauna da shi har suka san inda yake matsa musu? Shin laburaren ya gaza ne da gaske, ko dai marubucin ne yake ƙyashin ƙarin layi biyu? Kuma idan an dasa shi, ƙofa zai buɗe wa masu ƙirƙira da yawa kamar yadda @ ta yi, ko buƙatar mutum ɗaya zai biya a ɗora wa kowa nauyin koyonsa?

Kwanakin baya wani ɗalibina mai kaifin basira ya zo mini da shawara. Ya ga wani tsari a wani yaren, yana ganin Python ya yi sake da bai ɗauka ba. Na ce masa: “Ɗana, je ka rubuta shi a matsayin laburare. Ka yi aiki da shi wata shida, ka ba abokanka su ma su yi. In ya biya buƙata, ka gama, ba ka roƙi kowa ba. In kuwa ya gaza, ka dawo ka nuna mini daidai inda ya gaza, wannan ita ce hujjarka.” Ya ce: “Malam, ai wannan hanyar ta yi nisa.” Na ce ta yi, amma masu @ sun yi shekara 15 a kanta, kuma da suka iso ba wanda ya ce a mayar da su. Sannan na buɗe masa kwamfuta na rubuta print da bakanta biyu, na sa ƙasa a ciki, muka tambayi tsawonta. Ta ce huɗu. Na gaya masa cewa wannan amsar shekara 11 aka yi ana biyan kuɗinta, don haka ya auna kalmarsa tun tana jikin jinka, kafin ya zare.